Na'urar saita zafin duron gashi, da leƙo ta waya: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Toh bismillah, na fara. Abun da nake so in haɗa shine 'yar na'ura da za ta riƙe min zafin duron gashi a wuri ɗaya, misali digiri 110, awa goma ko sha biyu ba tare da na zauna gadin wuta ba, sannan in dinga leƙawa ta waya ko ina shago ko na tafi ɗaurin aure. Ba tsire ko balangu nake magana ba fa, wannan wuta ce a buɗe mai nama na tsaye a kanta yana juyawa, babu na'urar da za ta koya masa sana'arsa. Gashin da nake nufi irin na mutanen Texas ne a Amurka, da suke saka ƙirjin sa sukutum a rufaffen murhu, garwashi can ƙasa nesa da naman, zafi 225 a ma'aunin Fahrenheit wato wajen 107 a namu, a barshi hayaƙi da zafi su ratsa shi a hankali har jijiyoyin su narke.

Dabarar ba wata mai wahala bace a baki. Gawayi a rufaffen wuri gwargwadon iskar da ya samu yake ci. Ka bashi iska ya tashi, ka hana shi ya lafa. Kenan in akwai ma'aunin zafi a ciki, da ƙaramar fanka a bakin ƙofar iska, da 'yar kwamfuta a tsakani tana cewa fanka ƙara ko rage, magana ta ƙare.

Ba ni na ƙirƙiro ba. Akwai HeaterMeter na wani Ba'amurke Bryan Mayland, ya saki zanen da kod ɗin kyauta kowa ya ɗauka, da rawutar Linksys (na'urar raba intanet) ma ya fara kafin ya koma 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi. Na karanta nashi sosai amma ba shi zan kwafa ba, Raspberry Pi yayi tsada a kuɗinmu na yanzu, ESP32 kuwa, wata 'yar kwamfuta a kan ƙaramin allo, ga araha ga WiFi a jikinsa.

Duro na samu mai lita 200 wanda aka zuba man girki a ciki. Dan Allah duk mai son gwadawa kar ya ɗauki wanda bai san me aka taɓa zubawa ba, kuma kar a saka ƙarfe mai ruwan zinki kusa da garwashi, hayaƙinsa guba ne. Nawa na cika shi da itace na banka masa wuta har fentin ya ƙone tas. Yanzu yana wajen mai walda, zai yi min kwandon gawayi mai ƙafa yadda toka za ta zube ƙasa, da maratayin raga, da guntun faif a gindi inda fanka za ta shiga.

Asabar, 25 ga Janairu

Kaya sun haɗu. Wayoyi, dalma, MOSFET (ɗan makunnin lantarki da kwamfuta ke sarrafawa) da su resista a Sabon Gari na samu, sauran odarsu nayi daga Chana. ESP32, sandar gwajin zafi nau'in K da allon MAX31855 da ke karanta ta, wasu sanduna biyu masu tsini na sokawa cikin nama, fanka 5015 mai bolt 12 irin ta firintar 3D, MOSFET ɗin IRLZ44N na kunna fankar, da LM2596 mai sauke 12 zuwa 5.

Sandar K ɗin nan wayoyi biyu ne na ƙarfe daban-daban aka haɗe bakinsu, in bakin yayi zafi sai su bada wata 'yar wuta, wajen maikrobolt 41 a kowane digiri. Kaɗan ce ƙwarai, shi yasa sai da MAX31855 a tsakani, yana kuma iya bambance har kwatan digiri. Na nama kuwa NTC ne, wato resista mai canzawa da zafi, su ta ADC ake karanta su, ɓangaren da ke mayar da ƙarfin wuta lamba, kuma anan ESP32 yake da wani hali: ADC2 ba ya aiki muddin WiFi na kunne, dole ka tsaya a ƙafafun ADC1, daga 32 zuwa 39. Ko a nan ɗin ma karatun ba miƙaƙƙe bane a can sama da can ƙasa, don haka na ƙara wani ADC na daban mai suna ADS1115 na huta.

Gwaji a kicin. Ruwan ƙanƙara ya nuna kusan sifili, alhamdulillah. Tafasasshen ruwa ya tsaya 98 da 'yan kai, ƙanina yace ai sandar jabu ce a mayar. Ba jabu bace. Kano ta kusa mita 500 sama da teku, kuma duk hawan mita 300 ruwa na rage kusan digiri ɗaya wajen tafasa. Wanda ke Jos ma wajen 96 zai gani. In ka tilasta wa kod ɗinka ya kira wannan 100 to ka saka ƙarya a cikin duk karatun da zai biyo baya.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

MAX31855 yana ta kawo kuskure jefi-jefi da zarar na ɗaura sandar a jikin duro. Ashe sandar irin wadda bakinta ke haɗe da kwanson ƙarfenta ce, shi kuma wannan cif ɗin ba ya shiri da irinta, gani yake waya ta taɓa ƙasa. Na raba ta da jikin duron da guntun bututun tangaran, na liƙa kafasito 10nF tsakanin wayoyin biyu, shiru kake ji. Fanka kuma ba ta tashi in PWM, wato kason wutar da ake bata, ya gaza kashi 25 ko makamancin haka, sai dai tayi ta ƙugi. Yanzu duk lokacin da za ta tashi ina bata cikakkiyar wuta na rabin sakan tukunna sannan ta sauko. Dayod a bayan fanka kar a manta, in ba haka ba MOSFET ne zai biya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wutar farko, babu nama. Kuma yau na ga inda ainihin aikin yake.

Na cika kwando da gawayin ƙirya, wanda maƙera ke so saboda nauyinsa da daɗewa, na ɗora garwashi kaɗan a sama yadda zai dinga cin na ƙasa a hankali, turawa na kiran wannan tsarin da sunan Jim Minion. Na saita 110 na rufe. Fanka ta ɗauka, 60, 80, 100, ina ta murna ina ɗaukar hoto, ta kai 110 fanka ta tsaya cak kamar yadda aka faɗa mata. Zafi kuwa bai tsaya ba. 125, 140, har 160 ya leƙa, fanka a kashe, allo na nuna sifili, ba abun da na'urar za ta iya yi sai kallo.

Fanka ƙara iska kawai ta iya, ba ta iya cirewa. Duk ranar da duro yake shan iska ta wani wuri da ba ta hannunta ba, to ita da babu duk ɗaya. Na jefa ɗanyen itace a wutar don hayaƙi ya tashi na zagaya ina kallo: yana fita ta gefen murfi zagaye, ta ramin da wayar sanda ta shiga, ta inda aka yi waldar faif akwai 'yar kafa, sannan uwa uba ta cikin fankar kanta, domin ko a tsaye take iska na bi ta cikinta, bututun hayaƙi na sama yana ja. Ga iskar hunturu tana kaɗawa daga gabas daidai bakin faif ɗin, kyauta take hura min wuta.

Awa biyu kafin ya sauko 110. Ɗaga zafi minti biyar ne, saukar da shi kuwa sai haƙuri, tunda ƙarfe da garwashi sun riga sun ɗauka.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Satin nan ban taɓa kod ba ko layi ɗaya. Igiyar gilashi irin ta ƙofar oben na zagaya murfi da ita, silikon mai jure zafi ja ɗin nan a ramukan waya, mai walda ya cike kafar faif yana min dariya wai nama ne ko tiyata. Na juya duron bakin iska ya kalli katanga. A gaban fanka na rataya wani ɗan marfi da na yanka daga gwangwanin lemo, in ta hura ya buɗe in ta tsaya ya faɗo ya rufe.

Gwajin da nake ganin ya kamata kowa yayi kafin ya sayi ko resista ɗaya: kunna wuta, bari ta kama, toshe ƙofar iska gaba ɗaya. In wutar ta mutu cikin awa ɗaya ko biyu duronka ya isa a saka masa na'ura. In ta ci gaba da ci abunta to koma wajen mai walda. Nawa yau ta mutu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yanzu PID, wato lissafin da ke faɗa wa fanka ƙara ko rage. Da farko kunna-kashe kawai nake, ƙasa da 110 fanka ta tashi sama da 110 ta tsaya, zanen zafin sai hawa da sauka yake tsakanin 100 da 122 saboda gawayi ba ya amsawa nan take, iskar da ka bashi yanzu sai bayan minti uku ko huɗu zaka ganta a ma'auni. PID abu uku yake dubawa: nisan da ke tsakaninka da inda kake so, tsawon lokacin da ka ɗauka a ƙasa ko a sama, da saurin da zafin ke tafiya. Hanyar Ziegler da Nichols ta 1942 na fara bi don samun lambobin farko, ta bani masu zafin kai da yawa, na dinga ragewa da hannu.

Wanda ya fi bani aiki shine na tsakiyan, I. Tun daga kunna wuta har a kai 110 minti arba'in ne, duk tsawon lokacin yana tara lissafi, kamar mai kanti da ke rubuta bashi, ko ka zo ka biya na yau shi sai ya karɓi na baya. Sai a kai 110 amma yana nan yana tura fanka, sai an wuce sosai kafin lissafin ya goge. Magani: ba ya fara tarawa sai an zo kusa da digiri goma, kuma in fanka na kan ƙarshen ƙarfinta ko tana sifili ya daina. Na kuma hana fanka wuce kashi 60 in an gama tashin farko, don in ta hura da ƙarfi toka take tayarwa ta sauka kan raga.

Sai buɗe murfi. Kana ɗagawa ma'auni zai faɗi ƙasa warwas, na'ura ta ɗauka wuta ce ke mutuwa ta saki fanka gaba ɗaya, alhali garwashin ya sha iskar duniya ta sama. Ka rufe, minti goma ka ganka a 140. Wannan dabarar kam daga HeaterMeter na ɗauko: in zafi ya faɗi da sauri fiye da yadda wuta za ta iya mutuwa da kanta, a ɗauka murfi ne, fanka ta tsaya minti huɗu, I ya daskare.

Yau awa shida yana yawo tsakanin 107 da 113. Ya ishe ni, nama bai san bambancin digiri uku ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Azumi, ba a kunna wuta, sai na koma ɓangaren intanet da dare bayan tarawihi. A cikin gida ba matsala, ESP32 na buɗe ɗan shafi in shiga da waya in ga komai. Abu ɗaya, 2.4GHz kaɗai yake gani, in MiFi ɗinka na kan 5GHz zaka yi ta nema baka ganshi ba.

Daga waje ne rigimar. Duk bayanan da turawa suka rubuta cewa suke buɗe ƙofa a rawuta ka shigo daga ko ina. Mu da ke kan layin waya wannan ba zai yi ba, kamfanin ya haɗa mutane da yawa a bayan adireshin IP guda, CGNAT ake ce masa, babu ƙofar da zaka buɗe domin ba taka bace. Gaskiya ma gara haka, ban ga dalilin barin abun da ke hura wuta a tsakar gidana a buɗe ga duk duniya ba.

Don haka MQTT. Tsohon tsari ne tun 1999, Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka yi shi don lura da bututun mai ta satalayit, lokacin da kowane bayit kuɗi ne, kaga kuwa ya dace da datarmu. Na'urar ce ke fita ta kai saƙo wajen dillali a intanet, wayata ma ta je can ta karɓa, ba wanda ya shigo gida. Na kama ƙaramar saba (kwamfutar haya a intanet) mafi araha na saka Mosquitto, manhajar dillalin kenan, ƙofa 8883 mai TLS da ke ɓoye saƙo, da suna da kalmar sirri. Akwai dillalai na kyauta na gwaji amma duk wanda ya canki sunan tashar ka zai karanta, zai ma iya turo umarni. Duk sakan goma take tura zafin duro, na nama, da ƙarfin fanka.

Dokar da na kafa wa kaina anan: intanet ɗan kallo ne. Lissafin PID gaba ɗaya a cikin ESP32 yake, a wani aiki daban da na WiFi, netwok ya ɗauke ko data ta ƙare ko saba ta faɗi wuta na nan a 110. Daga waya abu biyu kawai zan iya, canza saiti tsakanin 80 da 150, ko kashe fanka. Duk lambar da ta fita daga nan watsi take da ita. In sanda ta tsinke ko ta kawo shirme fanka kashewa take, ba ƙarawa ba. MQTT kuma na da wani abu mai daɗi, na'ura na barin wasiyya wajen dillali, in ta ɓace ba sallama shi zai sanar, sai bot ɗin Telegram ya buga min.

Asabar, 5 ga Afrilu

Barka da sallah. An ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, kafin inbata ta karɓa ESP32 ya mutu ya tashi ya manta saitinsa. Yanzu yana ajiye saiti a ƙwaƙwalwarsa ta dindindin, kuma na mayar da komai kan batirin UPS mai bolt 12, 7Ah, caja na jone a gefe. Duka kayan basu cin wat huɗu ko fanka na gudu, batirin zai kwana. MiFi dama da batirinsa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zafin Afrilu ya canza lissafi. Duro baƙi a rana da azahar, ko wuta babu ma'auni na nuna sama da 50, don haka iskar da ake buƙata ta ragu sosai, 'yar wadda ke sulalewa ta gefen marfin gwangwani ma ta isa ta wuce da ni 120. Na cire shi na saka servo MG90S, ɗan moto mai juyawa daidai gwargwadon da aka ce masa, yana juya wani faifan alminiyam a bakin faif. In lissafin PID ya nemi ƙasa da kashi 30 faifan kaɗai ke buɗewa kaɗan-kaɗan bututun hayaƙi ya ja da kansa, sama da haka fanka ta shigo. Abun mamaki yawancin lokaci fankar ma ba ta tashi yanzu, kuma layin ya fi na da miƙewa.

Servo ɗin yana fizgar wuta in zai motsa har ESP32 ya sake tashi, kafasito 1000µF a layin bolt 5 ya gyara. Akwatin na'urar kuma na matsar da shi inuwa nesa da duro, domin MAX31855 da zafin jikinsa yake gyara lissafi, in rana na dukan gefe ɗaya na allon karatun na kaucewa.

Uwargida tace in dai a tsakar gida ne ba matsala amma kar ta ga an shigar da shi zaure don gudun rana ko ruwa. Gaskiyarta, gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake ba wari ba hayaƙi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Nama na gaske jiya. Naje wajen mahauci da niyyar ƙirji, ya ɗaga min na ga ba kitse, yace Alhaji in daɗewa zai yi a wuta ɗauki tozo. Shanunmu Bunaji da Bokolo kiwo suke suna tafiya, ba irin na Amurka da ake turkewa a ɗura musu masara ba, ƙirjinsu awa goma a wuta kilishi zai koma. Tozo kuwa kitse ya ratsa shi ko ina. Mutanen Barazil ma da ke da shanu masu tozo haka suke gasa shi a hankali, babban nama ne a wajensu.

Gishiri da masoro kawai na shafa, yajin ƙuli sai a faranti, don awanni a hayaƙi ɗaci yake yi. Guntayen busasshen itacen mangwaro uku a cikin gawayi. Na ɗora bayan asuba na tafi ɗaurin aure Zariya, na bar ƙanina a gida da sharaɗin kar ya taɓa murfi.

A hanya netwok ya ɗauke wajen minti ashirin, Telegram ya kawo wasiyya, da ya dawo na duba duro 110 yake, bai san ma anyi ba. Wajen sha ɗaya zafin cikin nama ya kai 68 ya tsaya. Awa ɗaya 68, awa biyu 69. Ƙanina ya kira wai sandar ta lalace ko ya ƙara wuta. Nace kar ka taɓa. Wannan tsayuwar sananniya ce, ruwan naman ne ke fitowa yana bushewa a bayansa yana sanyaya shi daidai gwargwadon zafin da ke shiga, wani masanin fiziks Greg Blonder ya gwada ya nuna haka. Ko ka jira ruwan saman ya ƙare, ko ka naɗe. Nace ya naɗe da takardar alminiyam ya mayar da sanda, a zanen ina ganin inda ya buɗe murfi, fanka ta tsaya minti huɗu, ya ɗan leƙa 116 ya dawo. Daga cikin mota na ɗaga saiti zuwa 120.

Ya kai 94 da la'asar, na kashe fanka daga waya, ya huta awa ɗaya a naɗe cikin kula. Da cokali muka ci. Baba yace yayi laushi da yawa shi ya fi son wanda haƙori zai yi aiki, amma shi ya cinye gefen da ya ƙone.

Lahadi, 8 ga Yuni

Layya ranar Juma'a aka yi. Karfata biyu na ware na saka a firji suka kwana biyu, domin naman da aka yanka yanzu in ya sandare tauri yake. Yau na ɗora su a 120, awa shida da rabi ƙashi ya zare da hannu. Rago ya fi tozo sauƙi, tsayuwar ma gajeriya ce.

Sabuwar matsala damina. Hadari ya taso da rana, yayyafi ya daki duro zafi ya faɗi da sauri, na'ura ta ɗauka murfi aka buɗe ta tsayar da fanka a daidai lokacin da ake buƙatarta, sai da ya sauka 98 kafin ta farga. Zan saka ɗan makunnin maganaɗisu a murfin ya daina canka. Ɗaya daga sandunan nama ma ruwa ya shiga ta inda waya ta haɗu da ƙarfe tana nuna 140, tana cikin oben yanzu ko za ta bushe.

Abun da ya rage: rumfar kwano a kan duro, allo na gaske maimakon wayoyin da ke cikin robar ajiye abinci, da ƙararrawa in fanka ta daɗe a sama zafi bai tashi ba, alamar gawayi ya ƙare ko toka ta toshe kwando. Maƙwabcina mai kiwon kaji yana tambaya ko za ta yi masa a injin ƙyanƙyasa, nace kod ɗin zai yi amma sandar K bata dace da digiri 37 da rabi ba, sai an canza ma'auni, ya kawo akwatin nasa ran Asabar mu duba.